Neman Malam-Buɗe-Littafi a Duwatsun Rabah da Goronyo

Talata: daga Wurno zuwa Rabah

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fito daga gidajen malamai, jaka a kafaɗa, doguwar gora a hannu. Matata Rifkatu ta rako ni bakin ƙofa da fitila, ta cusa mini ƙullin ƙuli-ƙuli a jaka, ta ce in dai ƙwari zan je nema, akwai su a bayan madafinta, ba sai na shiga mota ba. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasa da sauran laima, kwaɗi na ta kuka a fadama.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Ishaya, mutumin kudancin Kaduna. A lokacin shekarata shida ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Wurno, ba a daɗe da tare ruwan Goronyo ba. Abin da ya ta da ni shi ne littafin da muke koyarwa da shi. Duk furen da ke ciki, da duk malam-buɗe-littafin da ke ciki, na ƙasar Turai ne, ɗalibaina ba su taɓa ganin ko ɗaya ba. Na ƙudura in hutun damina ya zo zan hau duwatsun ƙasar nan in zano namu. Kayan aikina littafin zane ne, da fensira masu launi, da abin hangen nesa na makaranta, da raga da na ɗinka da tsohon gidan sauro na ɗaura a bakin gorar nan.

Abokin tafiyata Malam Sahabi ne, malamin aikin gona, haifaffen Dinawa. Na same shi a ƙofar masallaci ya idar da salla, muka gangara tasha. Muka sami a-kori-kura mai zuwa Rabah, naira uku kowa, amma ba ta cika ba sai bakwai saura kwata. Direban ya daɗe yana duban gorata kafin ya yi magana.

"Malam, wagga raga ta mi ta? Kihi za ku kamawa bisa tudu?"

"Malam-buɗe-littahi za mu kamawa," in ji Sahabi.

"To, madalla. Kowa da abin da gwamnati ka biyanai shi yi."

"Ba gwamnati ta aiko mu ba."

"Ni ban ce komi ba," in ji direba, ya ta da mota.

Mun yi tafiyar minti arba'in a hanyar burji, gero ya kai ƙirji dama da hagu, sai ga shingen 'yan sanda. Buhunan albasa ba su dame su ba, jakata suka ce a buɗe. Kofur ɗin ya ɗauki abin hangen nesa ya leƙa ta baya, ya juya ya leƙa ta gaba, ya tambaye ni ko ni soja ne. Na ba shi katin shaidar makaranta. Ya kwafe sunana da na Sahabi a bayan wata takarda, ya ce mu tafi. Mun ɓata minti ashirin da biyar a wurin, kuma daga nan har Rabah ba fasinjan da ya sake yi mana magana.

Tara da minti goma muka sauka. Muka zauna a teburin mai shayi da ke bakin tasha, Sahabi ya shiga tambayar hanyar dutse. Shi mutum ne mai sakin baki. Kafin shayina ya huce ya gaya wa kowa cewa yau za mu hau na Rabah, gobe mu wuce Goronyo, jibi mu hau wani da ke bayan Rimawa wanda aka ce daga kansa ana hango ruwan dam. A ƙarshen bencin akwai wani dattijo dogo, baƙi, da malfa a ƙeya da sababbin ruwan fartanya guda biyu ɗaure da igiya a gefensa. Yana shan kunu. Da Sahabi ya ambaci bayan Rimawa sai na ga ya ajiye ludayin. Bai ƙarasa kunun ba.

Mun sauka gidan kawun Sahabi, Kawu Altine, aka kawo mana fura da nono mai sanyi. Ƙarfe uku, da rana ta ɗan yi sauƙi, muka nufi tudun da ke bayan gari. Ba wani dutse ba ne in an gwada da namu na gida, jan marmara ne da geza da sabara, rabin sa'a ta kai mu sama. Amma damina ta yi masa ado. Tafasa ta yi fure rawaya ko'ina, tsidau ya shimfiɗa nasa ƙanana a ƙasa, ga yoɗo da furensa ruwan hoda mai kamar ƙaramar ƙararrawa. A kan tumfafiya na sami na farko, mai fukafukai ruwan goro da baƙin baki da ɗigon fari. Na kama shi a raga, na zana, na sake shi. A ƙarƙashin ganyen kuma ga tsutsarsa tana ci, na nuna wa Sahabi, ya ce shekara talatin yana sare tumfafiya a gona bai san tana da baƙi ba.

Muna shirin saukowa na ɗora abin hangen nesa don in duba gulbi. A gindin wata aduwa, can ƙasa, sai ga dattijon nan mai malfa a tsaye, fuskarsa a sama, yana dubanmu. Na miƙa wa Sahabi. Kafin ya daidaita gilashin mutumin ya juya ya shiga cikin gero.

Laraba: daga Rabah zuwa Goronyo

Bakwai da rabi muka bar Rabah. Sai da muka komo ta mararrabar Wurno sannan muka sami bas mai zuwa Goronyo. A motar farko dattijon yana baya, zaune kan buhu. A ta biyu yana kujerar da ke bayanmu daidai, har ina jin ƙarar ruwan fartanyarsa in mota ta faɗa rami. Na ɗauke jakata daga ƙasa na rungume ta a cinya.

Na raɗa wa Sahabi da Turanci cewa mutumin nan bin mu yake yi. Na ce ko dai ɓarawo ne ya ga abin hangen nesa, ko kuma 'yan sandan jiya ne suka sa shi. Sahabi ya ce ɓarawo ba ya yawo da fartanya. Ya juya ya gaishe shi.

"Baba, ina kwana. Ina anka nuhwa?"

"Gida."

"Ina na gida?"

"Inda ruwa ya bar muna."

Daga nan ya mai da fuskarsa taga. Sahabi bai sake gwadawa ba.

Sha ɗaya da minti ashirin muka shiga Goronyo. Dattijon ya sauka kafin mu, ya ɓace cikin masu tallar tafarnuwa. Mai masaukinmu Mista Yohanna ne, malamin asibiti, mutumin ƙauyen da ke kusa da namu a gida. Matarsa ta yi mana tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, irin kifin da ban ci ba tun barina gida. Da yamma ya kai mu mu ga dam. Ruwa ne iyakar ganinka, ga bado ya yi fari a gefe, duman kada ya malale gaɓa da furensa shuɗi-shuɗi. Mai gadin wurin ya ce kallo da ido ba laifi, amma kada in fito da komai daga jaka. Ban fito da shi ba.

A hanyar komawa na ba Yohanna labarin dattijon. Ya ce shi da zan ji tasa, da na bar littafin a gidansa. Ya ce ko allurar rigakafi suka je yi ƙauyukan bayan Rimawa, sai sun ɓoye rajista a cikin riga sannan a fito musu da yara. Na ce in na bar littafin, me zan je yi? Ya ce shi dai ya faɗa.

Alhamis: dutsen bayan Rimawa

Shida da kwata muka hau kabu-kabu biyu. Minti talatin da biyar ya kai mu Rimawa, muka ƙara wasu ashirin a 'yar hanya mai yashi, har inda masu baburan suka ce ba su iya wucewa. Muka yi da su su dawo ƙarfe biyar. Daga nan da ƙafa. Akwai wata tunga ta gidaje kamar ashirin a gindin dutsen, duk ginin bai tsufa ba. Sahabi ya ce mu shiga mu gai da mai garin. Ni na ce a'a, malam-buɗe-littafi da hantsi yake fitowa, in muka zauna gaisuwa rana za ta yi, mu bari sai mun sauko. Wannan kuskurena ne, ba na Sahabi ba.

Hawan kansa, ban da tsaye-tsayen zane, ya ci mana sa'a guda da 'yan mintuna. Wannan ya fi na Rabah tsawo da tsayuwa, wani wurin sai da hannu. Amma tun daga rabi na manta da gajiya. A inuwar duwatsu balasa ta buɗe furenta shuɗi kamar an ɗiga bula. A wani kwari albasar kwaɗi ta fito da fure fari mai jan layi, girman tafin hannu. Bishiyoyin anza kuwa kamar an watsa musu auduga, malam-buɗe-littafi ne farare masu baƙin zane a fukafuki, suna tashi suna sauka. Akwai wasu ƙanana farare da jan baki, sai ka ce an sa musu lalle. Na zauna na yi ta zane, Sahabi yana gaya mini sunayen da ya sani, wanda bai sani ba mu tsinki ganye mu matse a cikin tsohuwar jarida.

Wajen ƙarfe goma wani malam-buɗe-littafi ya sauka a kan dutse kusa da ƙafata, baƙi wuluk, da shuɗin tambari a kowane fiffike na baya, shuɗin yana sauyawa in ya motsa. Ban taɓa ganin irinsa ba. Ban kai masa raga ba don kada in ɓata shi. Ya tashi ya dawo, ya tashi ya dawo, na yi minti arba'in ina bin sa da fensir har na gama. Shi ne zane mafi kyau da na taɓa yi.

Da muka kai sama sai na yi abin da aka koya mana a kwaleji. Na juya shafi na zana taswirar wurin: ga dutse, ga tunga, ga gonaki ɗaya bayan ɗaya, ga wani babban marke a tsakiyar wata gona. Inda na ga ƙuduji, ciyawar nan mai kashe hatsi, ya yi ja a gindin gero na sa alama. A gefe na rubuta lokaci da yawan malam-buɗe-littafin da na ƙirga a kowane wuri. Taswirar ta ci shafi huɗu. Ina tsaye a kan dutse, abin hangen nesa a ido, gora mai farar raga a kafe kusa da ni kamar tuta. Ban yi tunanin yadda mai noma a ƙasa zai gan ni ba.

Sha biyu saura muka fara saukowa. A inda hanya ta matse tsakanin duwatsu biyu muka same su, maza tara ko goma, kowa da fartanya ko gatari a kafaɗa. Ba wanda ya ɗaga murya. Dattijon nan mai malfa yana gaba.

Sahabi ya yi sallama, aka amsa. Dattijon ya miƙo hannu.

"Littahin."

Na dubi Sahabi. Ya ce da ni a hankali, "Ba shi, Malam Ishaya." Na ba shi. Wani ya karɓi gorar, wani ya karɓi jaka. Aka sa mu a tsakiya har cikin tunga. Abin da ke yawo a kaina shi ne ba wanda ya san inda muke sai masu babur biyu da ban ma tambayi sunansu ba.

Magajin tungar tsoho ne mai ƙaramin jiki, yana zaune kan buzu a zaure. Muka tuɓe takalma muka durƙusa. A nan na ji sunan dattijon, Nomau. Shi ya fara magana.

"Ranka shi daɗe, tun Rabah nika biye da su. Na tai sayen hwartanya, nij ji sun ambaci dutsinmu. Waɗanda sunka zaka garinmu na dauri, hakanga sunka zaka. Mutum biyu, littahi guda, da abin leƙe. Sun gaishe mu, sun sha hurarmu, sunka ce hanya za a yi muna. Ba a yi damana ukku ba ruwa ya ci garin, ya ci gonata, ya ci kushewar ubana. Su waɗancan ma sun yi sallama. Waɗanga ko ita ba su yi ba."

Magaji ya buɗe littafin yana juyawa a hankali. Ya tsaya a kan taswira.

"Malam, waɗanga lambobi na mi na?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, yawan malam-buɗe-littafin da na gani ne a kowane wuri."

Wani daga baya ya yi 'yar dariya marar daɗi. Magaji ya ce, "Shekarata saba'in, ban taɓa jin wanda ya ƙidaya su ba. Wa ka biyan ka?"

Na ce ba kowa, don ɗalibaina nake yi. Sahabi ya karɓa, ya faɗi sunan mahaifinsa da unguwarsu a Dinawa, ya ce shi ɗan ƙasa ne, ba zai kawo wanda zai cuci manomi ba. Nomau ya ce, "Waɗancan ma da ɗan ƙasa sunka zaka. Da ɗan gari akan ci gari." Sahabi ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin an rufe masa baki ba sai ran nan.

Magaji ya aika a kira yayarsa, Inna Kulu, wadda aka ce ita ke ba da maganin gargajiya a tungar. Ta zo tana dogara sanda, ta zauna a bakin ƙofa, aka ɗora mata littafin a cinya. Ta kai shi dab da idonta.

"Wanga yoɗo na. Wanga balasa. Wagga albasar kwaɗi ta, ba a bari awaki su ci." Ta juya. "Wanga mi na?"

Na ce, "Tsidau ne, Inna."

"Ka ɓata shi. Kunnen tsidau bai kai hakanga hwaɗi ba." Ta ci gaba da juyawa, tana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, har da uku da ni da Sahabi ba mu sani ba. Sannan ta ce wa ƙanenta, "Wanda yaz zaka awon gona ba shi zama shi zana gashin da ke ga kunnen yoɗo. Wanga yaro haki yaka dibi da gaske."

Na fara sakin numfashi. Sai ta kai ga taswira. Ta daɗe a kanta, ta bi layukan da ɗan yatsa.

"Amma wanga ba hure ba na. Wagga gonar Nomau ta, ga markenai nan. Wagga tawa ta."

Magaji ya karɓi littafin ya rufe, ya ce shi ba zai ce mu maƙaryata ba ne, ba kuma zai ce masu gaskiya ba ne, Allah ne ya san zuciya. Furanni da ƙwari na Allah ne, mu tafi da su. Gonaki kuwa nasu ne, ba za su bar tungar a cikin jakar kowa ba. Ya ce in yage shafukan da hannuna.

Sai a lokacin na tuna baƙin nan mai shuɗin tambari yana bayan shafin farko na taswirar. Na roƙa a ba ni minti goma in kwafe shi a wani shafi. Nomau ya ce wanda zai kwafi baya zai iya kwafar gaba. Na yage su huɗun, Magaji ya miƙa wa Nomau, ya ninke ya sa a aljihun taguwarsa.

Bayan haka aka kawo mana hoce da fura, don Magaji ya ce baƙo ko na ƙarya ne ba ya barin zaurensa da yunwa. Sahabi ya bi su sallar azahar, ni na zauna a zaure, wani mutum yana bakin ƙofa yana gyaran ƙotar da ba abin da ya same ta. Da suka dawo aka mayar mana da kayanmu, aka ce Nomau ya raka mu inda babura za su same mu.

Ba hanyar babura ya bi da mu ba. Ya zaga da mu ta bayan dutsen, ta wata 'yar hanyar awaki. Na taɓa Sahabi, shi ma na ga bai natsu ba. Ya ce, "Baba, ba nan munka biyo ba."

"Na sani. Abin da kunka ce kuna nema, ba inda kunka hau yake ba. In gani in shi kuka nema."

Mun yi minti ashirin muna bin sa, ina lura da gatarin da ke kafaɗarsa. Sai muka faɗo wani lungu inda ruwa ke tsattsafowa daga gindin dutse, dabbobi sun tattake wurin ya zama taɓo. Taɓon ba a ganinsa. Malam-buɗe-littafi ne sun rufe shi, farare da rawaya da masu lalle da manya baƙaƙe masu ɗigon ɗorawa, sun jeru fiffike a tsaye suna shan danshi. Da inuwarmu ta faɗa kansu suka tashi gaba ɗaya, suka zagaye mu har suna taɓa fuska, suka koma suka sauka. Ban san lokacin da na kwanta rub da ciki a cikin taɓon ba. Sahabi ya ce na fi rabin sa'a a haka, kuma duk tsawon lokacin Nomau ni yake kallo, bai dubi ƙwarin ba ko sau ɗaya.

Da na tashi, rigata ta zama laka, ya ce, "Waɗancan nesa suka dibi. Ban ga sun dibi ƙasa ba ko sau guda." Ya nuna yamma da haɓa. Daga wurin ana hango ruwan dam ta tsakanin duwatsu. "Ka ga kan giginyar can da ya hito cikin ruwa? Ƙohwar gidanmu ta."

Na ce, "Baba, to yanzu ka yarda da ni?"

"Da kai, wataƙila. Da littahi, a'a. Littahi ba shi da amana, Malam. Kai ka rubuta, wani shi karanta."

Na tambaye shi ko zai ba ni zanen baƙin nan kawai, ya yanke shi da wuƙa. Ya ce takarda gaba da baya gare ta. Ya kai mu har wurin babura, biyar saura minti biyar, ya tsaya sai da muka hau. Bai ba mu hannu ba, amma ya ce Allah shi kai mu lahiya. Kafin magariba muna Goronyo.

Juma'a: daga Goronyo zuwa gida

Da safe muna karyawa da masa, sai maƙwabcin Yohanna ya shigo. Injiniya kowa ke ce masa, yana aiki da wani kamfani mai haƙa magudanan ruwan noman rani. Mutum ne mai fara'a, ya ce ya ji labarin wahalar da muka sha, mutanen ƙauye sai haƙuri. Ni dai ban gaya wa kowa ba sai Yohanna da matarsa.

Ya yaba zane-zanen. Sannan ya shiga tambaya. Marmarar dutsen mai tauri ce ko mai garaɓa? Babbar mota za ta iya kaiwa gindinsa? Gonakin da ke tsakanin dutsen da hanya za su kai nawa? Ya ce suna neman inda za su ɗebi tsakuwa, kuma mutanensu sun je sau biyu an hana su hawa. Yana magana yana juya littafin, har yatsansa ya kai inda aka yage.

"A nan kamar an cire wasu shafuka."

Na ce, "Masu gonakin ne suka karɓi kayansu."

"Amma ai malamin kimiyya ba ya mantuwa. Ko a bayan ambulan ka zana mini, kusan-kusan."

Sahabi ya ɗora ƙafarsa a kan tawa a ƙarƙashin tebur. Ba sai ya yi ba. Na ce ni furanni na je dubawa, kaina a ƙasa yake duk yini. Injiniya ya yi dariya, ya ce ba komai, ya miƙo mini littafin. Mai yiwuwa tsakuwar kawai yake nema, mai yiwuwa ma da an biya mutanen da kyau. Ban sani ba. Ban kuma tambayi Yohanna ko shi ya kira shi ba, don na ci tuwonsa kwana biyu.

Goma da rabi muka sami mota. Da muka wuce rabin tafiya Sahabi ya ce maganar ɗan gari ta tsaya masa a wuya, don da wani baƙon ya ɗauko ba ni ba, da haka zai rantse a kansa. Sha biyu da kwata muka sauka Wurno, ya wuce gida ya yi shirin masallaci. Rifkatu ta dubi rigar da na naɗo a jarida, ta tambaya ko kokawa na yi da ƙwarin.

Na dawo da zanen malam-buɗe-littafi iri goma sha ɗaya da furanni ashirin da uku, na gyara ganyen tsidau yadda aka ce. Na yi ta gwada zana baƙin nan da ka, bai taɓa fitowa daidai ba, na haƙura.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Kawu Altine da iyalin Mista Yohanna da suka sauke mu, da Malam Sahabi da ya sha kunya saboda gaggawata, da Inna Kulu, da Magaji, da Baba Nomau wanda bai nemi godiyata ba. Na yi shekara huɗu ina koyarwa da littafin nan kafin a yi mini canjin wurin aiki. Kowace shekara sai ɗalibai sun tambaye ni inda na ga wannan taron a kan taɓo, in ce musu a bayan wani dutse. Ku ma da kuke karantawa a gida, iyakar abin da zan gaya muku ke nan. Tungar tana da suna, na kuma san shi, amma ba zan sa shi a takarda ba.